An Wanke wa Goggo Rikoda

Masu cewa Goggo ta je shagon mai gyara ta zubar da girmanta, ko ɗaya a cikinsu bai taka wurin ba. A bakin famfo suka tsinci maganar, suka ƙara mata gishiri, suka kai gaba. To ga yadda aka yi. Wanda zai ji ya ji, wanda ba zai ji ba kunnensa ne.

Goggo tana da rikoda. Ba irin 'yan ƙananan nan da ake cusawa a aljihu ba. Babba ce, baƙa, mai hannu a sama kamar akwati, da madannai jere a goshinta. Mijinta, wanda tela ne, shi ya sayo ta tun Auta tana goye. Ranar da ya kawo ta, ya zauna a bakin gado ya danna jan madannin don gwaji, ya yi ta zuba. Ya gaida kansa ya amsa. Ya tsine wa wani da ya kawo yadi ɗan ƙil yana son riga har ƙasa. Ya yi tari, ya yi wa Goggo tsiya. Iyakar abin da ke cikin kaset ɗin ke nan, babu wa'azi, babu wasiyya. Amma da Allah ya karɓi abinsa, aka raba keken ɗinki da almakashi da sauran tarkace, wannan kaset shi kaɗai ya rage mai buɗe baki ya yi magana.

Kuma a faɗi gaskiya, ko jariri bai samu kulawar da rikodar nan ta samu ba. Kullum da safe sai Goggo ta goge ta da tsumma mai laushi, ta bi tsakanin madannai da tsinken tsintsiya. In ta gama saurare ta zare batir, don ta taɓa ganin yadda ya yi ruwa ya cinye cikin tocilar maƙwabciya. Ba ta barin rana ta same ta, ba ta ajiye ta kusa da murhu, jika kuwa in ya miƙa hannu sai ya ji a bayan hannun. Ciki ne kawai ba ta taɓawa. Takan buɗe ƙofar kaset ta hura iska, ta rufe. A ganinta cikin inji kamar cikin mutum ne, ba a sa masa yatsa.

Muryar da ke fitowa mai kauri ce, a natse, kamar ta dattijon da ya ci ya ƙoshi yana magana daga ƙarƙashin bargo. Goggo ta san duk inda take hawa da inda take sauka. Da ita take karyawa, da ita take tsefe kai.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti. Auta ta zo share mata ɗaki, ta danna rikodar don ta ji babanta, ta ji abu yana ja kamar ana jan buhu a ƙasa. Ita da zuciya ɗaya ta naɗe ta a zane ta kai gyara, ta dawo da ita ta ajiye inda take, wai za ta ba uwar mamaki.

Ta kuwa ba ta.

Goggo ta dawo gida, ta jingine sanda, ko mayafi ba ta cire ba ta danna. Wani saurayi ya gaida kansa ya amsa. Murya siririya, tangaran, da sauri kamar ana binsa. Kalmomin duk na Tela ne, har tarin, amma bakin ba nasa ba ne. Da aka zo inda yake kiranta yana cewa, "Gimbiya, ke ma zo ki ce wani abu mana," inda Goggo ta san shiru ne ke biyo baya, sai ga wata yarinya can nesa ta fashe da dariya, irin dariyar nan ta marasa kunya mai ƙarewa da shan iska.

Goggo ta danna ta kashe.

"Auta! Wa ya shigo ɗakin nan?"

"Ni ce, Goggo. Kin ji yadda ta washe ko? Mai gyara ya ce..."

"Wa ya aike ki?"

"Ai ja take yi."

"Ta ce miki ta gaji? Ta kai miki ƙara? Ke da ubanki ya mutu kina fitsarin kwance, ke ce za ki gaya mini yadda yake magana?"

Auta, mai 'ya'ya har da na makaranta, ta tsaya kamar an watsa mata ruwa. Goggo ba ta ƙara ko kallonta ba. Ta kwana ta tashi da abu ɗaya a ranta: an ɗauke mata miji an ajiye mata wani, kuma wanda ya yi sai ya dawo da shi ko unguwa ta taru.

Da hantsi ta rungumi rikodar a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, Auta tana binta tana roƙon ta kawo ta riƙe mata.

"Kin riƙe sau ɗaya, na ga abin da ya biyo."

Shagon yana tsakanin na mai aski da na mai sayar da katifa. Ɗan ƙarami ne, amma ko Goggo da ta zo da faɗa sai da idonta ya tsaya. Ta zaci za ta tarar da juji. Sai ta ga talabijin jere a kan kanta, waɗanda aka buɗe wa baya an lulluɓe su da tsumma, kowace da kusoshinta a cikin murfin kwalba a gefenta. Lasifikoki a kife don kada ƙura ta zauna musu a fuska. Burushi manya da ƙanana a rataye kamar ludaya a kicin ɗin mace mai tsafta. Wurin yana ƙamshin dalma da sifirit. Shi kansa mai gyaran mutum ne da furfura ta fara, da gilashi a kan hanci, yana riƙe da faifan bidiyo a gefe da gefe kamar mai riƙe da ƙwai, yana gogewa daga tsakiya zuwa baki.

Goggo ta dire rikodar a kan teburinsa.

"Kai ne?"

"Sannu da zuwa, Mama. Ina kwana? Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Ina mijina?"

Mai aski, wanda kunnensa ya fi almakashinsa kaifi, ya leƙo da kumfa a hannu. "Kai, mai gyara! Har mazan mutane kake ajiyewa? A wace durowa?"

"Kai kuma da ka gama da kan da kake yi, ka zo in yi maka naka," in ji Goggo. Ya janye wuya, amma bai tafi ba.

Mai gyara ya ajiye faifan a gidansa tukuna, ya goge hannu, ya dubi rikodar, ya dubi Auta. Ya gane.

"Ta ƙi yi ne, Mama?"

"Ta yi, har ta yi yawa. Ka canza mini kaset. Ka sa wani ɗan iska ya kwaikwayi maganar baban yaran nan, har da karuwarsa tana dariya. Mutum yana kabarinsa a yi masa haka? Me ya tsare maka?"

Wani da tuni ya ɗaga murya, ya ce shi ba ɓarawo ba ne, a je a tambaya. Wannan bai yi ba. Ya buɗe ƙofar rikodar ya zaro kaset ɗin ya miƙa mata a tafin hannu biyu.

"Duba shi da kyau. Naki ne ko ba naki ba?"

Ta juya shi. Ga tsagar da ya yi a kusurwa ranar da ya suɓuce mata, ga jan zaren da Tela ya ɗaura masa don alama. Nata ne. Wannan ya ƙara mata haushi.

"To cikinsa ka canza."

"Ko saurarensa ban yi ba. Da 'yarki ta ce na marigayi ne, na cire shi na sa a durowa, na yi gwaji da nawa. Maganar mutum da iyalinsa ba ta shago ba ce."

Ya jawo wata durowa ya fito da 'yar leda. Haka yake yi, duk abin da ya cire a kayan mutum sai ya ƙulle masa shi, ko mai kayan bai tambaya ba. Ya zazzage a kan farar takarda: wata baƙar roba kamar zobe, ta saki ta yi laɓo-laɓo, da 'yan dunƙulen auduga da suka koma ruwan ƙasa.

"Wannan robar ita ce bel, ita ke juya kaset. Kin san robar wando in ta tsufa? Haka ta saki. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Tana saki, kaset yana rage gudu, murya tana ƙara kauri. Kunnen da ke ji kullum ba zai kama ba." Ya karkata rikodar ya nuna mata wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli a ciki. "Nan kuma zaren kaset yake gogawa, nan ake karanta magana. Na same shi kamar gindin tukunya. Duk abin da ke jikin audugar nan daga nan ya fito. Shi ya toshe ƙananan sauti. Wanke shi kawai na yi, na sa sabon bel." Ya shafa jikin rikodar. "Amma wajenta, Mama, ban taɓa karɓar rikoda mai shekarunta da tsaftarta ba. Ko tsatsa babu a gidan batir. Wanda ya riƙe ta ya iya riƙo."

Goggo ta ji daɗin wannan, ta kuma ji haushin jin daɗin.

"Kada ka shafa mini mai a baki. Kana nufin shekarun nan duk ƙazanta nake saurare?"

"Shi kike saurare. Ta bayan labule."

"To mayar da labulen. Ga robarka nan, mayar. Yadda ka same ta haka nake so."

"Wannan kam ba zan yi ba."

Auta ta dafe ƙirji. Mai aski ya ce, "Yau ake yinta."

"Ba za ka yi ba? Kayanka ne?"

"Naki ne. Shi ya sa. Bel ɗin nan ya kusa tsinkewa, kuma in ya tsaya cak kaset yana tafiya, zaren zai naɗe a ciki ya tauna shi. Zaren nan ya tsufa, ya yi siriri kamar fatar albasa. In ya taune, babu mai kauri, babu mai siriri, babu kowa. Ki zage ni daga nan har yamma, zan ba ki ruwa ki ci gaba, amma hannuna ba zai mayar da shi ba."

Goggo ta ƙura masa ido. Ta yi faɗa da mahauta, ta yi da masu gidan haya, ta yi da likitoci a kan gadonsu, ta san mai taurin kai don girman kai, ta kuma san mai taurin kai don yana tsare maka abinka. Na biyun ba su da yawa. Ta ja kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna, don ƙafar ta fara magana.

"Ka cuce ni dai," ta ce, muryarta ta sauka. "Na kwanta asibiti ina da mai yi mini hira, na dawo na tarar da baƙo."

Mai gyara ya cire gilashinsa. "Wannan gaskiya ne. Kuma laifina ne. Na san gyara yana canza murya, ya kamata in ce a tambayi mai ita kafin in taɓa. Ban yi ba. Ki yafe ni."

"Ƙara faɗa, wancan mai kumfar bai ji ba."

"Na yi laifi, Mama."

"Ka ji ko?" ta ce wa mai aski. "In za ka kai labari, ka kai da wannan."

"Akwai abin da zan iya," in ji mai gyara. "A jikin injin da ke juya bel akwai wata 'yar kusa. In na murɗa ta hagu gudu ya ragu, in na murɗa dama ya ƙaru, kuma ba ta cutar da kaset. Ni ban san marigayi ba, ke kika san shi. Ni in riƙe sukudireba, ke ki riƙe kunne. Inda kika ce tsaya, nan zan tsaya. Amma sai na ji muryarsa. Kin yarda?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ji. Ai ba asiri yake faɗa ba, shirme ne."

Ya tashi ya kashe talabijin ɗin da ke yi a kan kanta, ya kashe fanka. Ya ce wa mai aski, "Maƙwabci, kan da kake yi na jira," ya ja ƙofa ya bar ta rabi. Sannan ya kwance bayan rikodar, yana jera kusoshi a murfin kwalba, ya sa kaset, ya danna.

Saurayin ya gaida kansa ya amsa. Goggo ta kau da kai.

Mai gyara ya sa bakin sukudireba ya murɗa, kaɗan, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Muryar ta ɗan sauka. Ya ƙara. Saurayin ya zama magidanci a tsakiyar zagin mai yadi. Ya ƙara. Kafaɗun Goggo suka saki.

"Ci gaba. Saura. Yauwa, ga shi nan yana zuwa."

Da kusar ta kai ƙarshenta, dattijon ya dawo, ba bargo a kansa yanzu, amma shi ne, mai nauyin harshe, mai tari daga ƙirji. Goggo ta rufe ido. Tela ya ce, a hankali, "Gimbiya, ke ma zo ki ce wani abu mana."

Sai dariyar ta biyo. Ita ma ta yi nauyi, ta yi kauri, ta shaƙe a ƙarshe ta ja iska. Ba yarinya ba ce kuma. Tsohuwa ce.

Auta ta toshe baki da mayafi. "Goggo! Wallahi dariyarki ce. Haka kika yi ranar da akuya ta bi mai katifa."

"Rufe mini baki."

Amma ta ji. Babu mai jin dariyarsa a bakin wani ya kasa ganewa. Ita dai abin da ta riƙe shi ne ranar da Tela ya ɗauki maganar ta ƙi magana, ta ce ba za ta yi surutu da akwati ba. Ta manta tana bakin ƙofa da Auta a goye, ta manta ya juyo yana yi mata kwaikwayon tafiyar mai yadi. Ita ce marar kunyar. Kuma in yarinyar can ita ce, to saurayin ba baƙo ba ne.

Kaset yana ta juyawa. Mai gyara bai ɗago kai ba. Ya zuba wa kusarsa ido kamar a nan duniya ta ƙare, kuma Goggo ta lura da haka, ta ajiye masa a ranta.

"Mayar da shi farko," ta ce. "Ka hau da shi. A hankali, kada ka fizge shi."

Ya mayar, ya danna, ya fara murɗawa dama. Tela ya fara sauke shekaru. Nauyin harshen ya tafi, tarin ya tashi daga ƙirji ya koma maƙogwaro. Kalmomi suka fara tunkuɗar juna. Goggo ta tuna, abin ya zo mata kamar mari: ai haka yake! Mutumin da ba ya gama kalma kafin ya kama wata, wanda take ce wa ya tauna magana kafin ya haɗiye. Bai taɓa zama dattijo ba. Bai samu ya zama ba. Ko furfura ɗaya babu a kansa aka fita da shi. Robar banza ce ta tsufar mata da shi, ita kuma ta karɓa hannu biyu don ta samu abokin tafiya.

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, don sharewa shi ne yarda an gani.

"Ci gaba," ta ce. "Ci gaba. Kaɗan kuma. Tsaya!"

Hannunsa ya tsaya cak. Suka saurara. Mutum ne mai sauri, mai tsiya, amma da ɗan nauyi a ƙasan muryar.

"Mama, in gaya miki gaskiya, saura ƙiris ya kai daidai. Bai kai inda aka ɗauka ba."

"Na sani. Kana tsammanin ban san inda yake ba? Bar shi nan. Ya ɗan taɓa tsufan shi ma. Ba zai zauna yana yaro ni ina jan ƙafa ba."

Mai gyara ya yi murmushi. Ya ɗauko wata 'yar kwalbar jan farce, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan kusar don kada ta motsa daga inda Goggo ta tsayar da ita, ya sunkuya yana hura mata iska har ta bushe.